Ƙarar salansa ba gayu ba ce a ƙasar Mubi



Akwai wata ɗabi'a da ke neman zama ruwan dare a tsakanin samarinmu masu mota. Sai yaro ya kai motarsa wajen mai walda, a yanke tukunyar salansa, a jona mata faffaɗan bututu. Daga nan mota ta kama ruri kamar tirela, in ya ɗaga ƙafa daga totur kuma ta riƙa tas-tas-tas. Ranar rakiyar amarya abin ya fi ƙamari. Su a wajensu gayu ne.

To wannan tas-tas ɗin, ragowar fetur ne da bai ƙone a inji ba yake fashewa a cikin bututu mai zafi. Amma wa zai tsaya ya yi wa tsohuwar da ke kwance a ɗaki wannan bayani da ƙarfe goma na dare? Ita harbi ta ji.

Kuma tana da hujja. A watan Oktoban 2012 aka bi ɗalibai har masaukinsu a Wuro Patuji aka kashe. Ranar 29 ga Oktoban 2014 Boko Haram suka shiga Mubi, jama'a suka watse, wasu suka bi duwatsu a ƙafa har Kamaru da goyo a baya. A Nuwamban 2017 da kuma 1 ga Mayun 2018 bama-bamai suka tashi a masallatan garin. Yaron da ke taka totur yau, wataƙila yana firamare a 2014, amma uwarsa da ta ja hannunsa suka gudu ba ta manta ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ga kuma haɗari na biyu da ya fi damunmu: idan kunne ya saba da jin irin wannan ƙara yana cewa "ai yaran nan ne", ranar da ta gaske ta zo, Allah Ya kiyaye, babu wanda zai motsa.

Samarin kan ce mota tana ƙara ƙarfi. A tambayi duk bakaniken da ya san aikinsa. Ƙaramin inji irin na Corolla ko Golf, in aka sa masa bututun da ya fi ƙarfinsa faɗi, jan da yake yi daga ƙasa ne ke raguwa, wato daidai abin da kake buƙata in ka ɗauko kaya kana hawan tudu a hanyar Gella. Salansar da suke gani a bidiyo, irin ta kamfanin Akrapovič ko Borla, an auna ta ne da ƙirar wata mota takamaimai, da ƙarfen da ba ya tsatsa, da wuraren ratayawa. Tamu kuwa kiyasi ne da ido.

Wajen ɗaurin ma ake yin babbar ɓarna. Salansa a kan robobi take rataye, don inji yana girgiza. In mai walda ya liƙe ta ƙam da jikin mota, ramukan hanyarmu za su tsaga ta a wajen haɗi, hayaƙi ya riƙa sulalowa ƙarƙashin kujeru. A cikin hayaƙin nan akwai iskar guba marar launi marar wari, irin wadda ke kashe iyalin da suka kwana da janareta a ɗaki. Ka rufe gilashi, ka kunna sanyi, ga yara a baya, sai ciwon kai da gyangyaɗi.

Sai batun abin nan da bakanikai ke kira indomi, wanda ke tace hayaƙi. A cikinsa akwai ƙarafa masu tsada, shi ya sa ake sayensa. Duk wanda ya ce maka "a cire, ya toshe", ka tambaye shi ina zai kai wanda ya ciro. A motoci da yawa, ana cire shi fitilar gargaɗi za ta kama a gaban direba, ga warin hayaƙi. Da kuɗinka ka rage wa motarka daraja.

Ba mu hana kowa gyara motarsa ba. Akwai salansa mai zurfin murya da ba ta tada unguwa, a saya, a ɗaura da kyau. Doka ma tana nan, tun 2009 hukumar NESREA take da ƙa'idojin hana yawan ƙara, amma ba ma son ta kai mu ga haɗa 'ya'yanmu da hukuma.

Roƙonmu ga masu walda da shugabannin bakanikai shi ne su daina karɓar aikin yanke tukunya. Iyayen ango kuma, ku kuke ba da kuɗin man rakiya. Ku faɗa tun a gida cewa motar da ke tas-tas ba za ta shiga jerin amarya ba. Baba Mai Unguwa, muna neman a saka wannan magana a zama na gaba.

Sakataren ƙungiya