Tsarin IPPIS: Abin da na'ura ta iya kamawa a albashin Nijeriya

A shekarar 2007 ne gwamnatin tarayyar Nijeriya, tare da tallafin Bankin Duniya, ta fara gwajin tsarin IPPIS a wasu ma'aikatu da hukumomi bakwai, da nufin ɗora aikin biyan albashi a kan na'ura mai ƙwaƙwalwa. Kafin wannan lokaci kowace ma'aikata ita ke rubuta sunayen ma'aikatanta, ta karɓi kuɗin a dunƙule, ta rarraba. Ta wannan kafa ce sunayen matattu da na waɗanda ba a ma taɓa haifa ba suka yi ta cin albashi shekara da shekaru.

A ƙarƙashin sabon tsarin, wanda ofishin Akanta Janar ke kula da shi, ana ɗaukar hoton ma'aikaci da zanen yatsunsa, manhajar ta lissafa albashinsa bisa matakinsa, ta cire haraji da kuɗin fansho, sannan ta tura ragowar kai tsaye zuwa asusunsa na banki. Ko shakka babu an samu riba. A watan Fabrairun 2016 ma'aikatar kuɗi ta ce ta cire sunayen bogi 23,846 bayan da aka gwada jerin masu albashi da lambar BVN ta bankuna, abin da ya rage kimanin naira biliyan 2.29 a kowane wata.

To sai dai manhaja ƙa'ida ɗaya take bi, kuma a jami'o'i ne wannan ya zama matsala. Ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU ta yi ƙorafin cewa an gina tsarin ne domin ma'aikacin ofis mai aiki a wuri guda, wanda ke ritaya yana da shekaru 60, alhali farfesa na iya kaiwa 70, kuma malami kan tafi wata jami'a koyarwar wucin gadi. Kazalika ƙungiyar ta ce doka ta bai wa hukumar gudanarwar kowace jami'a ikon ɗaukar ma'aikatanta, ba sai an jira amincewar Abuja ba. Wannan taƙaddama na daga cikin dalilan yajin aikin watanni tara a 2020 da na watanni takwas a 2022. Malaman sun ƙera tasu manhajar mai suna UTAS, gwamnati ta ce ba ta ci jarrabawar hukumar NITDA ba. Ɗalibai kuwa suna gida suna jira. A watan Disamban 2023 majalisar zartaswa ta tarayya ta amince a cire manyan makarantu daga IPPIS.

Abin lura a nan shi ne, akwai zambar da na'urar ba ta da idon ganinta. Tana gane mutum ɗaya mai karɓar albashi biyu, amma ba ta san ko wanda aka rubuta sunansa daidai ya zo aiki ba, domin shugabansa ne ke tabbatar da hakan. A watan Yunin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya umarci ma'aikatan da suka ƙaura ƙasashen waje suna ci gaba da karɓar albashi su mayar da kuɗin, ya kuma ce a hukunta shugabannin sassan da suka rufa musu asiri.