Bayan Rufe Finale: Shin Sabunta Manhajar Rubuta Kiɗa Ya Cancanci Kuɗinsa?

A watan Agustan 2024 kamfanin MakeMusic na Amurka ya sanar da cewa ya daina sayar da manhajar Finale, ya kuma daina inganta ta. Tun daga 1988 manhajar take hannun masu rubuta kiɗa da alamomin nan na layuka biyar, kuma da ita aka tsara littattafai da kundayen bincike masu ɗimbin yawa. Kamfanin ya shawarci abokan cinikinsa su koma Dorico, manhajar kamfanin Steinberg na Jamus, a kan dala 149 maimakon 579. Da farko ma ya ce bayan shekara guda ba za a ƙara iya ɗora Finale a sabuwar kwamfuta ba, sai da jama'a suka yi ca sannan ya janye wannan sharaɗi. Lamarin ya taso da wata tambaya da manazarcin waƙar baka ba zai kauce mata ba: shin ya dace a riƙa zuba kuɗi duk lokacin da aka fito da sabuwar sigar manhaja? Ga mai nazarin kiɗan Hausa, sabuntawa tana da dalili guda mai ƙarfi, wato ceton aikin da aka riga aka rubuta. Sauran dalilan da kamfanoni ke tallatawa kaɗan ne daga cikinsu suka shafe shi.

Abin da ake ƙarawa a kowace sabuwar siga sananne ne: tsara shafi cikin sauri, raba wa kowane makaɗi nasa kason daga babban rubutu, da kyautata sautin da kwamfuta ke fitarwa domin ya yi kama da na ƙungiyar makaɗan Turai. Duk waɗannan buƙatu ne na wanda ke ƙirƙirar kiɗa a takarda domin wasu su karanta su kaɗa. Tun a 1958 Charles Seeger ya bambanta rubutun kiɗa iri biyu, wanda ke umartar makaɗi da abin da zai yi, da wanda ke bayyana abin da makaɗi ya riga ya yi. An gina Finale da Sibelius da Dorico ne domin iri na farko. Manazarcin da ya zauna da kaset ɗin Mamman Shata ko na Ibrahim Narambaɗa kuwa, iri na biyu yake nema. Babu wanda ya taɓa miƙa wa makaɗan Shata takarda kafin su hau kiɗa, kuma ba domin wani ya maimaita kiɗan ake rubuta shi ba, sai domin a fahimci yadda ya ginu.

A nan ne layuka biyar suke gazawa. Mai kalangu yana matse igiyoyin kalangun a hammata yana sassautawa, sai sauti ya hau ko ya gangara a cikin bugu guda, yana kwaikwayon karin sautin magana. Goge da kukuma tsirkiya ɗaya gare su, ba su da matakan da ke ƙayyade wa yatsa wurin tsayawa. Muryar mawaƙi takan riga kiɗa shiga, ko ta jinkirta da gangan, 'yan amshi kuma su karɓa tun bai rufe baki ba. Alamar rubutu ɗigo ce da ke zaune a kan layi ko a tsakanin layuka biyu, saboda haka tilas mai rubutu ya zaɓa mata mazauni ko da sautin bai zauna ko'ina ba. Adalci ne a ce Dorico ta yi ƙoƙari a wannan fanni, domin tana bai wa mutum damar raba tazarar sauti yadda ya ga dama, ya ƙirƙiri alamominsa, kwamfuta kuma ta furta su. Sai dai wannan ya fi amfanar mai rubuta kiɗan Larabawa ko na Turkawa, inda masana suka daɗe da yi wa matakan sauti suna da lissafi. Ƙara yawan matakai ba ya mayar da gangarar kalangu ta zama mataki.

Idan aka dubi tambayoyin da masana suka yi wa waƙar Hausa, za a ga ba ƙyale-ƙyalen shafi suka buƙata ba. Paul Richards a 1972 ya ƙididdige yadda karin sautin kalma ke dacewa da hawa da saukar murya a cikin waƙa. Russell Schuh ya shafe shekaru yana bin yadda gaɓa mai nauyi da marar nauyi ke zama a kan bugun kiɗa, har aikinsa da Bruce Hayes a kan karin rajaz ya fito a mujallar Language a 2019, bayan rasuwarsa. Irin wannan bincike layi ɗaya na murya yake so, da baiti a ƙarƙashinsa, da ma'auni na tsawon kowace gaɓa. MuseScore, wadda kyauta ake saukewa kuma sigarta ta huɗu ta fito a Disambar 2022, ta wadatar da rubutun. Aunawar kuwa aikin Praat ne, wadda Paul Boersma da David Weenink suka ƙirƙira a Jami'ar Amsterdam, tana zana hawa da saukar murya a matsayin layi mai lanƙwasa, ba ɗigo-ɗigo ba. ELAN tana jera rubutu da fassara daidai da daƙiƙar da aka furta su a faifai. Duk ba a biyan ko kwabo.

Batun kuɗin ma ba ƙarami ba ne. A lokacin da aka yi sanarwar, dala ɗaya ta haura naira 1,500, wato rangwamen nan na dala 149 ya wuce naira 200,000, fiye da ninki uku na mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a Yulin shekarar. Sashen da ya sami irin wannan kuɗi ya fi masa alheri ya sayi na'urar ɗaukar sauti mai kyau, ko ya biya a juya tsofaffin kaset-kaset zuwa kwamfuta kafin ɗanshi da zafi su gama da su. Tsarin biyan haya duk wata ko duk shekara, wanda Avid ke tallata Sibelius da shi, ya fi wannan muni ga jami'ar da kasafinta ba ya zuwa a kan kari. Zanen aro ba ya rufe katara: ranar da aka kasa biya, cikakkiyar manhajar ta kuɓuce, ko da ɗalibi yana tsakiyar babi na huɗu.

Duk da haka, wanda ya ce kada a motsa sam ya yi kuskure. Fayilolin Finale, masu ƙarewa da .mus ko .musx, ba a buɗe su kai tsaye a Dorico ko Sibelius. Hanyar ƙetarawa ita ce MusicXML, tsarin musayar rubutun kiɗa da Michael Good ya assasa, wanda dukkan manyan manhajojin ke karantawa, kuma daga cikin Finale ɗin ake fitar da shi. Tun da an daina gyara ta, duk ranar da Windows ko macOS suka yi wani sauyi da ba ta jure ba, ƙofar ta rufe. Saboda haka mai tarin aiki a tsohuwar siga yana da hujjar neman Finale 27, siga ta ƙarshe, wadda ke iya juya babban jakar fayiloli gaba ɗaya. Wannan kashe kuɗi ne mai ma'ana, kuma sau ɗaya ake yin sa.

Akwai wani tarko da ya keɓanta da masu rubutun Hausa. Finale ba ta karɓi tsarin Unicode ba sai a sigar 2012. Wanda ya shigar da baitoci kafin nan da wani nau'in haruffa na musamman domin samun ɓ da ɗ da ƙ, zai iya tarar da su sun rikiɗe zuwa wasu alamomi bayan juyawa, har ƙafa ta koma kafa, ɗaki ya koma daki, ko ma a ga tarkacen da ba ya karantuwa. Alamomin karin sauti da na tsawon wasali, waɗanda su ne ginshiƙin nazarin, su ma suna cikin wannan haɗari. Babu manhajar da za ta duba wannan a madadin mai jin Hausa.

Komawa Dorico ma ba lamuni ba ne na har abada. Ma'aikatan da suka gina ta su ne waɗanda suka rasa aikinsu lokacin da Avid ya rufe ofishin Sibelius na Landan a 2012, sannan suka fito da sabuwar manhajar a 2016. Abin da ya fi dacewa da sassan Hausa da mujallunsu shi ne su shar'anta cewa duk kundi ko maƙalar da ke ɗauke da rubutun kiɗa ta zo da kwafin MusicXML, da na PDF wanda ke adana kamannin shafi, da kuma sautin asali da aka rubuto daga gare shi, tare da sunan makaɗi da wuri da ranar ɗauka. Mai duba aikin sai ya saurari faifan yana bin rubutun, gaɓa bayan gaɓa, kafin ya sa hannu.