LAMBUN GAYYA: A YI MAGANAR RABO KAFIN A YI SHUKA

Jiya bayan sallar isha'i wasu samarin unguwarmu a nan Balan suka same ni da shawarar buɗe lambun gayya da ranin bana. Sun gama lissafin iri da taki da man inji. Sai na tambaye su: in tumatir ya nuna, wa zai tsinka, wa zai raba, kuma da wane ma'auni? Kowa ya yi shiru. Shirun nan ne ya sa ni wannan rubutu.

Ba hana su nake yi ba fa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya hau kan duk kwandon da ake ɗaukowa daga Kura ko Kadawa ko kasuwar 'Yankaba. A 2024 mun ga gidajen da suka haƙura da ɗanyen tumatir gaba ɗaya. Mu da ke da ƙasa da takin gida, a ce ganyen miya ma sai an kawo mana daga nesa, ai da kunya. Lambu dai ya kamata a yi.

Amma ni na taɓa yi, na kuma ga yadda yake mutuwa. Shekarun baya mu goma sha biyu muka karɓi aron fili a bakin fadama wurin wani dattijo, Allah ya jiƙansa. Muka yi darni saboda awaki, muka haƙa rijiya, muka shuka albasa da tattasai da alayyafo da kuɓewa. Wallahi lambu ya yi kyau. Da aka zo rabo sai magana ta tashi. Mai zuwa ban ruwa kullum da asuba ya ce ba za a daidaita shi da mai leƙowa ranar Juma'a ba. Wanda ya sayi mai ya ce ai kuɗi ma gumi ne. Wani kuma yaransa kullum suna cikin alayyafo, in an yi magana ya ce "ba namu ba ne?" Shekara ta biyu dattijon ya rasu, magada suka ga ƙasa ta sha taki, suka karɓe filinsu. Ba mu da ko takarda ɗaya. Har yau akwai mutum biyu a cikinmu da gaisuwarsu ba ta wuce ta fatar baki.

Ba ruwa ne ya kashe lambun nan ba, ba kuma tsutsa ba. Rabo ne.

Gwamnatoci sun daɗe suna kiran a yi shuka. Obasanjo ya kawo shirin ciyar da ƙasa a 1976, Shagari ya kawo nasa a 1980, a 2024 ma uwargidan shugaban ƙasa ta sa gasar lambu a kowane gida. To amma maganar rabo ba daga Abuja za a yi mana ita ba. Kakanninmu sun riga sun warware ta. A aikin gayya, ana taruwa a nome gonar mutum, ya ba da fura da tuwo, amma amfanin nasa ne. A gandu kuma, ana noma wa gida baki ɗaya, duk da haka kowane ɗa yana da gayaunarsa. Sun san aiki ake haɗawa, rumbu kuwa kowa da nasa.

Don haka ga shawarata ga samarinmu da duk mai irin wannan niyya daga Gaya har Ajingi.

Na farko, fili. A je gaban mai unguwa ko dagaci, a rubuta shekara nawa aka ba da aro, magada su sa hannu tun mai fili yana raye.

Na biyu, darni da rijiya da inji su zama na kowa, a yi karo-karo. Amma fangali kowa da nasa. Wanda ya yi lalaci, nasa ne zai bushe, ba sai an yi faɗa ba.

Na uku, kwandon unguwa. Duk wanda ya tsinka ya zuba ɗaya cikin goma, a kai wa marayu da matan da mazansu suka rasu da tsofaffin da ƙarfinsu ya ƙare. A mazhabar Malikiyya kayan lambu irin su tumatir da ganye ba a fitar musu da zakka kamar hatsi, saboda haka wannan sadaka ce muka ɗora wa kanmu. Mai rabo kada ya zama ɗaya daga cikin manoman, a ba liman ko wata dattijuwa da kowa ya yarda da ita.

Na huɗu, kar a manta da iyayenmu mata na cikin gida. A ba su dashe su yi noman buhu a tsakar gida: zogale, rama, yakuwa, attaruhu. Ruwan alwala da na wankin hatsi ya isa. Kuma idan tumatir ya yi arha wajen Fabrairu da Maris, a yanka a shanya kauɗa a kan tabarma mai tsabta, ita ce za ta riƙe tukunya da damina.

Na san wani zai ce rubutu tsakanin 'yan'uwa rashin yarda ne. Ɗan'uwa, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka. Da mun rubuta namu, da yau mutum biyun can suna cin tuwo kwano ɗaya.

Na faɗa wa samarin su dawo ranar Asabar da takarda da biro kafin kowa ya ɗauki fartanya. In sun zo, kuɗin darni a wuyana. Wanda ya taɓa yin irin wannan lambu ya ɗore, don Allah ya faɗa mana yadda suka yi rabo.

Allah ya sa mu dace, ya albarkaci guminmu.