SHARHI: Yadda tsadar fetur ke korar dare daga finafinan Kannywood

Mai bibiyar finafinan Hausa masu dogon zango a YouTube zai iya lura da cewa yawancin abin da aka ce ya faru da dare, a falo yake faruwa. An rufe labule, an kunna fitilun ɗaki, wani ya dubi agogo ya ce dare ya yi. Idan kuwa labari ya tilasta a fita waje, ɗayan biyu ne: ko a dallare tsakar gida da fitila guda mai ƙarfi har inuwar jarumi ta hau bango, ko kuma hoton ya yi duhun da sai da murya ake gane mai magana.

Wannan ba sabuwar matsala ba ce, domin tun zamanin kaset, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, masana'antar ke aiki da kayan da ba don silima aka ƙera su ba. Abin da ya sauya shi ne lissafi. Kafin Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, ana sayen lita ƙasa da naira 200. Zuwa ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. Dala da ke kusan naira 460 a farashin gwamnati ta wuce naira 1,500 a 2024, kuma kyamara da fitila da batir duk da ita ake shigo da su. Wutar gwamnati ba abin dogaro ba ce. A Oktoban 2024 jihohin Arewa da dama sun shafe fiye da mako guda a duhu bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna. Saboda haka duk fitowar dare a waje na nufin janareta, janareta kuma na nufin fetur na sa'o'i. Furodusan da ke fitar da kashi ɗaya kowane mako, yana jiran abin da YouTube zai biya shi, ba ya buƙatar dogon nazari kafin ya ce wa marubuci a mayar da fitowar cikin ɗaki.

Asarar da ke cikin wannan shawara ta fi kuɗin man da aka tsimi. Rabin rayuwar ƙasar Hausa da dare ake yin ta: teburin mai shayi, tukubar mai tsire, zance a ƙofar gida, tashe da sahur a watan azumi, sintirin 'yan banga, har da hare-haren da suka hana ƙauyukan Zamfara da Katsina barci. Masana'antar da ta kasa ɗaukar dare ta bar waɗannan labarai ke nan, ta taƙaita a rikicin kishiyoyi kan kujerun alfarma.

Abin da ya kamata a tambaya shi ne ko dare na buƙatar janareta kamar yadda ake zato. A ganina yawancin lokuta ba ya buƙata, kuma kuɗin da ƙananan masu shirya fim ke zubawa wajen neman kyamara mai tsada, da a haske da sauti suka zuba shi da sun fi cin riba.

Matsalar kyamara a duhu mai sauƙin fahimta ce. Faifan da ke karɓar haske a cikin waya ko ƙaramar kyamara ɗan mitsitsi ne, hasken da yake tarawa kaɗan ne. Idan mai ɗaukar hoto ya ƙara lambar ISO don cike giɓin, sai hoton ya cika da yashi-yashi. Mutane da yawa na ruɗuwa da kyawun hoton dare da wayoyin zamani ke ɗauka, alhali wayar hotuna da yawa take ɗauka cikin 'yan daƙiƙoƙi ta haɗe su wuri guda, dabarar da ba ta samun wannan sarari a bidiyo mai hoto 25 a kowace daƙiƙa. Daga nan YouTube zai matse fim ɗin, kuma wuraren duhu masu yashi ne suka fi lalacewa a matsewar. Mai kallo a Gusau ko Maraɗi da ya rage ingancin bidiyo don tattalin data, taɓo kawai zai gani. Ko masu kuɗi ba su tsira ba: a 2019 masu kallo a duniya sun yi ta ƙorafi cewa ba su ga komai ba a babban yaƙin dare na shirin Game of Thrones.

Gyara na farko shi ne madubin kyamara. Wanda ake haɗowa da yawancin kyamarori masu araha, idan aka zuƙo da shi, ba ya buɗewa fiye da f/5.6. Madubi mai milimita 50 da ke buɗewa zuwa f/1.8, wanda yana cikin mafi araha a kasuwa, yana shigar da haske kusan ninki goma. Na biyu shi ne tazara. Idan aka ninka nisan fitila daga fuska, hasken da ke isa ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Ma'ana ƙaramar fitilar caji da aka matso da ita, aka tausasa haskenta da farin ƙyalle, za ta yi wa fuska abin da babbar fitila daga nesa ba za ta yi ba, kuma ba ta shan fetur.

Sai dai babban kuskuren da ake yi na fahimta ne. Ido ba ya gane dare da ƙarancin haske kaɗai, yana gane shi da inda hasken ya fito da inda ya ƙare. Fitila guda a bayan jarumi da ke zana gefen kansa da kafaɗarsa, wani ɗan haske mai laushi a gefe ɗaya na fuska, da ƙwan lantarki ko fitilar Keke Napep can nesa don nuna zurfin layi, sun isa. Sauran wurin a bar shi baƙi. Garwashin mai tsire, aci-balbal da fitilar mai shago duk haske ne da labarin kansa ya tanadar. Wannan ya fi muhimmanci ga baƙar fata, wadda kyawunta a hoto ke fitowa daga sheƙin da take mayarwa. Idan aka watsa mata fitila mai tsauri gaba da gaba, goshi ya ƙone da fari, sauran fuska ta dushe. Fim ɗin Moonlight, wanda ya lashe Oscar a 2017 da kasafin da Hollywood ke ɗauka ƙarami, ya nuna abin da haske mai launi da taushi ke yi wa baƙar fuska da dare.

Batun cewa kayan 'yan koyo ba za su iya ba, tarihi ya riga ya amsa shi. Fim ɗin Festen na ƙasar Denmak an ɗauke shi da ƙaramar kyamarar hannu ta Sony irin ta bikin suna, da duhunsa da yashinsa, ya kuma samu kyautar alƙalai a bikin Cannes na 1998. Sean Baker ya ɗauki Tangerine, wanda ya fito a 2015, da wayoyin iPhone 5s, ciki har da fitowar dare a titunan Los Angeles. Sai dai a yi adalci, titunan can a haskake suke, kyauta. Mai ɗaukar fim a lungun Ɗorayi shi zai zo da haskensa.

Janareta kuma ba aljihu kaɗai yake ci ba. Ƙararsa na shiga makirufo, sai a koma situdiyo a sake ɗora murya, wanda shi ma kuɗi ne, kuma sau da yawa baki da magana ba sa haɗuwa. Wutar Najeriya na juyawa sau 50 a daƙiƙa, shi ya sa ake saita saurin ɗaukar kyamara daidai da hakan; ƙaramin janareta kuwa ba ya tsayawa a kan lamba ɗaya, sai fitilu su riƙa kyaftawa a hoto. Fitilun LED masu batir sun kawar da matsalolin biyu a lokaci guda.

Akwai kuma 'yan mintocin da ke biyo bayan faɗuwar rana, lokacin da sama ke shuɗi, hoto ya yi kama da dare alhali akwai sauran haske. A yankinmu ba su wuce minti ashirin zuwa talatin ba, kuma sun faɗo daidai sallar magariba, don haka sai an gama gwaji tun la'asar.

Abin da fasaha ba za ta gyara ba shi ne tsaro da zirga-zirga. A 2022 gwamnatin Kano ta hana masu adaidaita sahu aiki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, ga kuma fargabar masu ƙwacen waya. Ma'aikata ashirin da kayan miliyoyin naira a kan titi ƙarfe ɗaya na dare suna buƙatar sanin mai unguwa da 'yan sanda, da motar da za ta mayar da kowa gida, musamman mata. A nan ne ƙungiyoyin masana'antar irin su MOPPAN da Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda ta fi shahara da dakatarwa da cin tara, ke da aikin yi: tsarin izinin ɗaukar dare mai sauƙi, wurin hayar fitilun batir a farashi mai rahusa, da horon mako guda kan haske ga matasan da a yanzu suke koyon sana'ar ta hanyar riƙe wa wani waya a lokeshan.