A Auna Hanya Kafin A Zaɓi Tirela

Kowane babban aiki na raya ƙasa da ake yi a Arewa, ko tashar lantarki ce, ko masana'antar siminti, ko madatsar ruwa, yana da wani sashe da ba a ƙera shi a ƙasar nan. Jirgin ruwa ke kawo shi daga ƙetare, a sauke shi a bakin teku, sa'an nan a ɗora wa mota ta hauro da shi. Daga Ikko zuwa Kano tafiyar kimanin kilomita 1,000 ce, ga gadoji, ga kwalbatoci, ga garuruwa masu cunkoso. A shekarar 2019 Gwamnatin Tarayya ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Siemens na Jamus domin gyaran harkar lantarki, manyan taransifoma kuwa suka fara isowa a 2022. Akan yi biki ranar da irin wannan kaya ya sauka, akan kuma yi biki ranar da aka kunna shi, amma ba safai ake tambayar irin tirelar da ta ɗauko shi a tsakani ba. A ganinmu wannan tambaya ta cancanci a tsaya a kanta, gama dukiyar jama'a ce ke bisa tirelar, dukiyar jama'a ce kuma ke ƙarƙashin tayoyinta.

Tirelolin ɗaukar manyan kaya iri iri ne, kowace da ciwon da take magani. Akwai mai shimfiɗaɗɗen baya, wadda muka saba gani da buhunan siminti da rodi. Tsayin bayanta daga ƙasa ya kusa mita ɗaya da rabi, saboda haka in aka ɗora mata kaya mai tsayin mita 4, jimla ta doshi mita biyar da rabi, alhali gadar sama da wayoyin lantarki suna jira a gaba. Akwai mai gajeren baya, wadda direbobi ke kira lobed, mai ɗaukar katafila da injunan aikin hanya. An sassauko da bayanta kusa da ƙasa domin kaya mai tsayi ya wuce ƙarƙashin gada, kuma kada ya rinjayi mota a kwana. Akwai wadda ake jan bayanta ya ƙara tsawo, domin dogayen ƙarafan gada da fukafukan injin lantarki mai aiki da iska. Sa'an nan akwai ta haɗe-haɗe, irin wadda kamfanonin Goldhofer da Scheuerle na Jamus ke ƙerawa, wadda ake jona gutsattsarinta gwargwadon nauyin kaya. Kowane layi nata yana da taya takwas, kuma matsin mai ne ke daidaita layukan, ta yadda in wata taya ta faɗa rami sauran za su raba nauyin, kayan kuwa ya zauna daram. A cikin wannan iri har akwai mai tuƙa kanta ba tare da kan mota ba, mutum yana tafe a gefe yana sarrafa ta da na'ura a hannu.

To, mene ne ke nuna wadda ta dace? Mutane da yawa sun ɗauka ƙarfin inji ne, watau in dai kan mota zai iya jan kayan, magana ta ƙare. Hanya kuwa ba ruwanta da ƙarfin inji. Abin da ta sani shi ne nauyin da ke sauka a kan kowane gatari, watau sandar ƙarfen nan da ke haɗa tayoyin hagu da na dama. Tsakanin 1958 da 1960 injiniyoyin Amurka sun yi wani babban gwaji a jihar Ilinoi, suka shimfiɗa hanyoyi, suka yi ta bin su da motoci masu nauyi dabam dabam har kwalta ta farfashe. Abin da suka gano shi ne, in aka ninka nauyin gatari sau biyu, ɓarnar da yake yi wa hanya takan ninku wajen sau 16. Shi ya sa ƙasashen ECOWAS suka amince a 2012 a kan iyakar tan 11.5 ga gatari guda, Nijeriya kuma ta fitar da ƙa'idojinta na auna nauyi da girman motoci a manyan hanyoyin Tarayya a 2018.

Ga lissafin da kowane malamin makaranta zai iya ba yaran aji shida. A ce taransifoma ce mai tan 120, mota da tirelarta kuma tan 18, jimla tan 138. In gatari shida ne suka ɗauka, kowane ya sami tan 23, ninki biyu na abin da aka yarda, watau kowane gatari yana cin hanya kamar guda 16. In kuwa aka kawo tirelar haɗe-haɗe mai nauyin tan 40, jimla ta zama tan 160, amma da an shimfiɗa ta a kan layi 14 sai kowane ya tsaya a cikin iyaka. Tirelar da ta fi nauyi ita ce ta fi sauƙi ga hanya. Kakanninmu fatake sun san wannan tun kafin zuwan mota: ba sa aza wa jaki mangala sai sun sa masa akumari, kayan da ya fi ƙarfin dabba ɗaya kuwa raba shi suke yi. Taransifoma ba ta rabuwa, saboda haka ƙafafun da ke ɗauke da ita ake ƙarawa.

Bayan gatari sai gada. Gada tana jin nauyin duk abin da ya hau ta a lokaci guda, don haka ko an cika ƙa'idar gatari, tilas ne injiniya ya duba ko ƙafa da bayan gadar za su jure jimlar. Wani lokaci akan tsai da sauran motoci a bar tirelar ta haye ita kaɗai, a tsakiya, da tafiyar ƙafa. Wani lokaci sai an shimfiɗa ƙarafa bisa kwalbati, ko an sake hanya ɗungum. Hanyoyin da ke haɗa Kudu da Arewa kuwa ba su da yawa, kuma duk sai sun ƙetare manyan koguna, ko ta Jebba ko ta Jamata kusa da Lakwaja ko ta Makurɗi. Kun dai tuna abin da ya faru a watan Yunin 2017, sa'ad da ruwa ya karya gadar Tatabu tsakanin Jebba da Mokwa, da kuma ambaliyar Mokwa ta watan Mayun 2025: motoci suka yi cirko-cirko, kayan abinci suka lalace a hanya. Waɗannan ruwa ne ya jawo su, ba mu da iko a kansa. Amma gadar da ta karye saboda an ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, asarar iri ɗaya ce, ita kuwa da hannunmu muka jawo.

Misalin da ya fi kowane fitowa fili shi ne matatar man Ɗangote a Lekki. A watan Disambar 2019 aka sauke wata hasumiyar tace ɗanyen mai da kamfanin Sinopec na ƙasar Sin ya ƙera, mai nauyin tan 2,350 da tsawon da ya haura mita 110. Masu aikin sun san gadojin Ikko ba za su ɗauke ta ba, sai suka gina tashar jirgin ruwa tasu kusa da wurin aiki, suka ɗauko kamfanin Mammoet na ƙasar Holan da tirelolinsa masu tuƙa kansu. Hanya suka fara aunawa, ita ce ta faɗa musu inda za a sauke kaya da abin da zai ɗauke shi. Aikin da bai kai wannan girma ba ma tsarinsa ke nan.

Shi kansa kayan yana da nasa haƙƙi. Babbar taransifoma akan tsiyaye manta kafin tafiya, a cika ta da busasshiyar iska, a kuma manna mata wata na'ura mai rubuta duk girgizar da ta sha. In aka iso aka tarar girgizar ta wuce iyaka, sai an buɗe an bincika cikinta, in an sami ɓarna kuwa ƙera wata takan ci watanni da yawa, har fiye da shekara. Garin da aka yi wa alkawarin wuta shi zai zauna a duhu, asibitinsa da makarantunsa da injunan niƙansa duka. Araha dai ba ta ado.

Ga inda maganar ta shafi ma'aikatan ofis. Ɗan kwangila yana neman riba, kuma hayar tirela mai layi 14 ta fi ta mai gatari shida tsada nesa ba kusa ba. In takardar kwangila ba ta ce kome ba a kan wannan, mai araha shi zai ci, bambancin kuɗin kuwa baitulmali zai biya daga baya wajen gyaran hanya. Saboda haka muna ba da shawara kada a sa hannu a kwangilar ɗauko babban kaya sai an ga abu huɗu a cikin fayil: nauyi da tsawo da faɗi da tsayin kayan kamar yadda maƙerinsa ya rubuta; rahoton wanda ya bi hanyar da kansa ya auna gadoji da kwanoni da wayoyi; sunan irin tirelar da yawan gatarinta da nauyin da kowane zai ɗauka; da izinin Ma'aikatar Ayyuka tare da shirin rakiya da inshora. Akawu ba ya bukatar zama injiniya kafin ya raba jimlar nauyi da yawan gatari ya ga ko ta wuce 11.5.

Gwamnati kuma muna roƙonta ta tabbata ma'aunan motoci na manyan hanyoyi suna aiki dare da rana, ta kuma tanadi littafi guda mai nuna abin da kowace gada za ta iya ɗauka, wanda ɗan kwangila da akawu za su iya dubawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya sa masu sa hannu a takardun nan su duba kafin su sa.