Haddar tsofaffin tambayoyi ba ta kai yaro ajin likitanci

Malam, ka rubuta cewa yaranmu na Fatakwal da Anacha da Inugu masu neman likitanci su sayi kundin tsofaffin tambayoyin JAMB a kasuwa su haddace, shi ke nan. Ban yarda ba.

Ka taɓa buɗa irin kundin da ake bazawa a bakin titi? Tawada ta dushe, zanen zuciya ya zama baƙin tabo, amsar da ke bayan littafi ta saɓa wa littafin makaranta, kuma ba wanda ya sa sunansa balle a tuhume shi. Yaro ya haddace kuskure, uban da ke yini a kasuwar Gariki ya biya.

Tun 2015 a kwamfuta ake jarrabawar, yanzu kuma tambaya 180 ce cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40-40 na Bayoloji da Kimistiri da Fiziks. Wanda bai saba da allo da agogo ba, lokaci zai ƙare masa.

Manhajar JAMB kyauta take a intanet. Da ita za a auna kowane littafi kafin a saya. A yi jarrabawar gwajin hukumar. Mai neman Jami'ar Nsukka ko ta Fatakwal kuwa, tantancewar jami'ar na jiransa bayan nan, kai kuma ko ambatonta ba ka yi ba.