Guzurin Mai Ƙaura: Rage Kaya, Nemi Mai Masauki

 Yau ina so mu duba wani al'amari da ke yawan zuwa gabana a ƙarshen kowace shekarar karatu. Ɗalibi ya kammala, ya samu takardar kama aiki a Legas ko Fatakwal, ko kuwa hukumar yi wa ƙasa hidima ta tura shi jihar da bai taɓa taka ƙasarta ba. Ba shi da ɗan rakiya, abin da ke aljihunsa kuma bai taka kara ya karya ba. Kusan dukkansu da tambaya ɗaya suke farawa: "Malam, nawa ne kuɗin mota yanzu?" A ganina wannan ita ce mafi sauƙi daga cikin tambayoyin da ke jiransu. Kuɗin mota sau ɗaya ake biya a wuce wurin. Abin da ke karya mai ƙaura shi ne kwanakin da ke tsakanin saukarsa a tasha da shigowar albashinsa na farko.

Mu ɗauki Legas mu yi lissafi. Dokar haya ta jihar, wadda aka kafa a 2011, ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga hannun sabon ɗan haya, in ban da unguwanni irin su Ikoyi da Apapa da dokar ta keɓe. To amma shekara ɗayar ma a dunƙule ake biyanta, kuma ba ta zuwa ita kaɗai. A bisa al'ada akwai la'adar dillali, kashi 10 cikin 100, da kuɗin rubuta yarjejeniya, wani kashi 10 ɗin, sannan a ajiye kuɗin jingina saboda ɓarnar da ka iya faruwa. A ce, a matsayin misali kawai, hayar ɗaki naira dubu 600 ce, na jingina kuma dubu 50. Kafin mabuɗi ya shiga hannu an kashe dubu 770. Wannan daidai yake da mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70, wanda aka amince da shi a 2024, har na wata 11, ko alawus ɗin mai yi wa ƙasa hidima na dubu 77 har na wata 10. Ba a ci abinci ba tukuna, ba a hau motar zuwa wurin aiki ba. Saboda haka matashin da ya yi shirin sauka daga mota ya zarce ɗakin kansa ya gina shirinsa a kan kuɗin da ba shi da su.

Gyara na farko shi ne a rage kaya. Da yawa daga cikin yaranmu suna ɗaure katifa da fanka da tukunyar gas da bokitai, saboda ganin asara ne a bar su. Sai dai tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin sufuri ya yi tashin gwauron zabo, kuma 'yan kamasho a tasha suna yi wa kowane ƙunshi kuɗinsa daban. Idan an isa kuma sai an sake ɗaukar wata motar ta kai su masauki, masaukin da watakila ba shi da wurin ajiye su. Ma'aunin da nake ba ɗalibaina mai sauƙi ne: duk abin da kuɗin ɗaukarsa ya kusa rabin kuɗin sayen na hannu a can, a sayar da shi a gida a riƙe kuɗin. Abin da ya cancanci wuri a jaka shi ne mara nauyi mai araha a nan, mai tsada a can: garin kunu, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, ƙuli-ƙuli, da ɗan wake gwargwadon hali. Kayan abincin da ake saukewa a kasuwar Mile 12 ai akasari daga Arewa suke tafiya, kuma mai saye a can shi ke biyan kuɗin man da ya kai su. Takardun makaranta na asali da katin ɗan ƙasa kuwa su zauna a ƙaramar jaka a jikin mutum, bayan an ɗauki hotunansu an adana a akwatin imel.

Wurin da bai kamata a nemi araha ba shi ne mota. Tsakanin Kano da Legas ya haura kilomita 1,000, ko an bi ta Abuja da Lokoja ko ta Mokwa da Jebba da Ilorin. Jirgin ƙasa na zamani bai haɗe hanyar ba tukuna, domin layin Kaduna zuwa Abuja da aka buɗe a 2016 da na Legas zuwa Ibadan da aka buɗe a 2021 ba su sadu da juna ba. Wannan ya sa wasu matasa ke hawa saman tirelar shanu ko ta albasa don ragin 'yan dubbai. Hukumar kiyaye haɗurra ta sha yin gargaɗi a kan cakuɗa mutane da kaya da dabbobi, kuma duk mai bin labarai ya san irin rayukan da ake rasawa idan irin wannan mota ta kife. A shiga mota a cikin tasha, inda ake rubuta sunan fasinja da lambar wani nasa, a aika wa na gida lambar motar, a kuma tsara tafiyar ta yadda za a sauka da rana. Baƙon da ya sauka tsakar dare da jaka a ka, yana waige-waige, shi ne abincin motocin nan da ake kira wan-cans.

Yanzu mu zo kan babban jigon, wato masauki. A nan Bahaushe yana da gadon da ya kamata ya tuna. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro ba su bar gida da kuɗin haya ba. Ayari yana da madugu, hanya tana da zango, kowane gari kuma akwai mai masauki, wanda zai ba baƙo ɗaki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da masu saye, ya kuma tsaya masa idan magana ta taso. Daga nan unguwannin Zango suka samo asali a Kumasi da Accra da sauran biranen Ghana. Masanin nan Abner Cohen, wanda ya yi bincike a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya nuna yadda cinikin shanu da goro ya dogara ga waɗannan masu gida, har ana sayar da shanu bashi ga mahautan gari bisa amincinsu kawai. Wannan tsari bai mutu ba. Akwai al'ummomin Hausawa da sarakunansu a Agege da Idi-Araba da Mile 12, akwai ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya da na tsofaffin ɗalibai, masu yi wa ƙasa hidima kuma suna da gidajen saukar baƙi na ƙungiyoyinsu, na Musulmi da na Kirista, a jihohi da dama.

Abin da ke damuna shi ne yadda ɗan boko ke jin nauyin amfani da wannan gado. Yana ganin digirinsa ya ɗaga shi daga kwana a shagon ɗan garinsu mai sayar da hatsi, ya gwammace ya tura kuɗi ga wani dillalin da ya gani a Facebook, a kan ɗakin da bai taɓa gani da idonsa ba. Labarin ɗaki ɗaya da aka karɓar wa kuɗin mutane da yawa ba baƙo ba ne a manyan biranenmu. Mako huɗu ko shida a wurin mai masauki suna ba mutum damar sanin unguwar da ruwa ke ci da damina, da wadda cunkoso zai cinye masa awa uku kullum, da ainihin farashin da 'yan gari ke biya. Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo.

Sai dai masauki yana da ladubbansa, kuma rashin kiyaye su ne ya sa ƙofofi da yawa suka rufe. A nemi izini tun daga gida ta bakin wanda mai masaukin ke jin nauyinsa, kada a faɗo masa bagatatan. A faɗi ranar tashi tun ranar sauka, domin Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. A zo da tsaraba komai ƙanƙantarta, a sa hannu a cefane da aikin gida tun kafin a tambaya. Idan mai tafiyar mace ce, iyayenta su yi magana da uwar gidan kai tsaye, su kuma tabbatar akwai wanda zai tarye ta a tasha.

Abu na ƙarshe shi ne kuɗin komawa gida. A ware su a wani asusu dabam, kada a taɓa su ko da yunwa ta matsa. Aikin da aka yi alkawari yana iya zama ba yadda aka faɗa ba, albashi yana iya makara, ciwo yana iya kamawa. Wanda ke da kuɗin motar komawa yana iya cewa a'a ga mai aikin da ya raina shi. Wanda ba shi da su kuwa dole ya haɗiye duk abin da aka miƙa masa, har ya shiga bashin da zai shekara yana biya.

Sashe na 41 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya 'yancin zama a duk inda ya ga dama a ƙasar nan, amma kundin ba zai biya wa kowa haya ba. Wannan nauyi namu ne. Ina kira ga 'yan uwanmu da suka riga suka kafu a Kudu, ma'aikata da 'yan kasuwa, da su tsara wannan taimako ta hannun ƙungiyoyinsu, ya zama akwai lambar da yaro zai kira da ɗakin da zai sauka na wata guda. Iyaye kuma, kafin a tambayi yaro nawa ne kuɗin mota, a tambaye shi a gidan wa zai kwana daren farko. Idan ba shi da amsa, tafiyar ba ta nuna ba tukuna.

Allah ya kiyaye hanya.